Makullin Ƙofar Baya

Shekara goma sha tara Mama ta yi tana ɗinka kayan 'yan makaranta a kamfani ɗaya, ko zare ba ta taɓa ɗaukowa gida ba. Mu 'ya'yanta mun sha yawo da yagaggen wando, ga uwarmu tela. Saboda amanar nan manaja ya damƙa mata makullin ƙofar baya, wata ƙofar ƙarfe mai raga da ke kallon lungu. Da safe in mata arba'in sun hau kekunan ɗinkinsu, sai ta sa sarƙa ta danna kwaɗo, wai kada a sulale da yadi. Tana ji da makullin nan, har coci take zuwa da shi.

Wata Laraba aka bar dutsen guga a kan tulin ƙyallaye. Hayaƙi ya tare ƙofar gaba, mata suka ruga baya, suka tarar da sarƙa. Mama na laluben makullin a jaka, wata mai tsohon ciki na dukan ƙarfen tana kuka. Bokiti uku suka kashe wutar. Manaja ya ce tun da ba wanda ya mutu, a koma aiki, gobe a kulle kamar kullum.

Daga ranar Mama ta kasa zama wuri ɗaya. Ta fara shara ta bari, ta ɗora tukunya ta manta, ta durƙusa za ta yi addu'a sai ta miƙe zumbur. Ran Lahadi ana tsakar waƙa ta fice daga coci, muka same ta a waje tana kai da kawowa.

"Kullum ina roƙon Ubangiji ya raba ni da azzalumai," in ji ta. "Ashe da hannuna suke aiki."

Baba ya ce, "Ke kika kafa dokar? Baki biyar muke ciyarwa, ki rufa mana asiri."

"Baban yara, waɗanda Yesu ya ce sun ga mutum kwance a hanya suka wuce, ai masu ibada ne. Su ma gidansu suke tunani. Me zan ce wa Yesu?"

Ni dai bayan Baba nake, ba zan ɓoye ba. Tsoro nake ji, kuma haushinta nake ji.

Ran Litinin ta ajiye makullin a teburin manaja a gaban kowa.

"Ranka ya daɗe, na daina kulle mutane. Wannan zalunci ne, kuma duk inda aka tambaye ni zan faɗa."

Ba wadda ta ɗaga kai, kekuna suka ci gaba da ƙara. Kafin tsakar rana an sallame ta. Ta kai ƙara ofishin ƙwadago sau uku, sau uku ana ce mata ana dubawa.

Yanzu a lungun take ɗinki, daura da ƙofar, tana yi wa masu wucewa faci. A ƙarƙashin kekenta akwai guduma ta fasa kwaɗo. Ni nake kai mata keken kowace safiya ina ƙunƙuni, ita kuma ko ta zauna idonta na kan sarƙar.

Jiya ina ajiye keken, matar da aka ba makullin ta zo ta danna kwaɗo. Ba ta juya nan da nan ba. Ta dafa ragar, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, don Allah kada ki yi nisa."