Shekarar da Muka Tayar da Makanar Baba

A ƙauyenmu da ke kudu da Abu Hujar, aikin mahaifina fito ne. Mutane yake tsallakarwa, da buhunan albasa da tumatir daga gonakin da ke ɗaya gaɓar kogi. Yana da injin jirgi irin wanda ake maƙalawa a bayan kwalekwale, ya saye shi tun ba a haife ni ba, a hannun wani da ya yi aiki a madatsar ruwa ta Roseires. Makana muke ce mata. An ce koriya ce a da, amma ni da launin tsohuwar tukunya na san ta.

Da idon Baba ya yi rauni, sai ya daina shiga ruwa. Aka naɗe makana da buhu, aka jingine ta a bayan rumbu. Ni kuma na koma Damazin ina ɗinki, can na yi aure, can na haihu.

Wata shekara bayan girbin dawa na zo gida hutu. Muna zaune a rumfa da hantsi, Baba ya ce, "Kai, ɗauko mini makanar nan. Na yi marmarin muryarta."

Na kira Baffa, ƙanen Baba, wanda ke gyaran injinan ban-ruwa. Muka kinkimo ta, muka ɗaure ta a bakin wani rabin duro cike da ruwa. Baffa ya buɗe murfi, ya leƙa ciki.

"Mi kunka gani?" in ji Baba.

"Yaya, makanarka an yi mata fiɗa. Ƙoƙon kabureta babu, kusar da ake murɗawa a daidaita mai da iska babu, ɗan sifirin ɗinta ma babu."

Inna ta kawo mana shayi tana jin maganar. Ta tambayi yadda ƙoƙon yake, Baffa ya kwatanta mata da yatsu. Ta koma madafa, sai ga ta da shi, ya sha goge yana ƙyalli. Ashe shekara da shekaru da shi take awon garin gahawa.

"Ni na san naka ne? A ƙasa na tsince shi, awaki na takawa."

Baba ya yi dariya har da tari. "Shi ya sa gahawarki ke tayar da mutum da gudu!"

Sauran kayan kuwa, sai da na koma Damazin, layin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Na nuna wa wani dattijo kaburetar, ya juya ta ya girgiza kai, ya ce da Larabci ko waɗanda suka ƙera ta sun manta da ita. Duk da haka ya zazzage mini gwangwanin kusoshi a kan buhu, muka tsuguna muna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, har muka dace da ta wani mataccen janareta. Sifirin kuma daga cikin biro Baffa ya zaro shi, ya yanka fatar tsohon takalmi ya yi wa ƙoƙon shimfiɗa don kada mai ya tsiyaye.

Ranar gwaji muka gauraya fetur da baƙin mai. Ni ne mai jan igiya. Na ja, ta yi tari ta mutu. Na sake ja, ta sake mutuwa.

"Ƙishirwa take ji," in ji Baba. "Buɗe mata."

"Wace ƙishirwa?" in ji Baffa. "Ƙoshi ya yi mata yawa. Taɓa fulogin nan ka ji, jiƙe yake sharkaf."

"Kai injinan gona ka sani, wagga ta ruwa ce!"

Haka tsofaffin nan biyu suka dinga musu, wannan ya ce a murɗa dama, wancan ya ce hagu, ni kuwa kafaɗata kamar za ta cire. Can Baffa ya gaji, ya cire kaburetar, ya kafa baki ya busa hanyar iska. Ba ta wuce ba. Zanzaro ne ya gina ɗakinsa a ciki. Ya sa tsinken tsintsiya ya tsokale laka, ya wanke da fetur, ya mayar.

Ja ɗaya na yi. Makana ta ɗauka da ruri, shuɗin hayaƙi ya cika tsakar gida, kaji suka watse, ruwan duro ya fantsama mana a jiki. Baba ya lalubo ya ɗora tafin hannunsa a kan murfinta, Baffa yana murɗa kusar a hankali.

"Kaɗan... ƙara kaɗan... bas, bar ta nan," in ji Baba.

Rurin ya kwanta, ya koma wata tattausar ƙara mai tafiya daidai, wadda na rabu da ji tun ina saurayi. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga. Inna ta tsaya a ƙofar madafa, ta rufe baki da gefen mayafi.

Washegari muka ari kwalekwale muka tsallaka. Baba ne ya riƙe hannun makana, ni ina gaya masa inda muka dosa. A can manoma suka bar aiki suka zo gaishe shi. Ya zauna a bakin kwamin albasa yana tambayar kowa ɗan wane ne, aka cika mana kwando da tumatir.

A hanyar dawowa, muna tsakiyar ruwa, makana ta yi shiru. Fatar takalmin ce ta saki, mai ya tsiyaye. Ni da Baffa muka kama filafili muna tuƙi da hannu, amma ruwa ya fi ƙarfinmu, sai can ƙasa da gari muka samu gaɓa. Muka ɗaure jirgin a jikin wata bishiya, muka taho a ƙasa da la'asar sakaliya, Baffa ɗauke da kwando, Baba dafe da kafaɗata.

A wannan tafiyar ce Baba ya ba ni labarin kakana, wanda ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya nan don ya yi noman damina ɗaya ya ƙara guzuri, daga nan kuwa bai ƙara gaba ba. Baba ya sa muka tsaya a gindin wata tsamiya, ya shafa jikinta, ya ce a nan tsohon ya fara kafa bukkarsa. Sau da yawa na wuce wurin, ban taɓa sani ba. Muka yi masa addu'a, sannan muka ci gaba da tafiya.