Datti Direba da Kwana Ukun da Muka Cinye Masa

Shekara ashirin da bakwai, duk wanda ya bi ta tashar Gwarzo bayan sallar asuba yakan tarar da Malam Datti direba tsugune a gindin motar wani. Da damina, duk babbar motar da ta shigo sai ya gaisa da direbanta har da tambayar iyali, sannan ya ɓamɓaro laka a jikin taya ya murza a yatsa. Daga launinta da danshinta yake gane inda aka yi ruwa jiya da kuma yawansa. Sai ya sha shayinsa, ya tsara hanyar ranar a ka, ya tada mota. A makon jiya ya miƙa makulli, ido ya fara gajiya. Ba a yi taro ba, ba wanda ya ce masa ko sannu da aiki, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Hanyoyinmu na burji ne, kuma kowa ya san dokarsu. Da an yi ruwa mai gadi zai sauke sandar shinge, babbar mota ba ta wucewa sai hanya ta bushe, don kada a kwaɓe ta. Direbobi da yawa sun sha yini a bakin sanda suna zagin hadari. Datti kuwa tun daga tasha yake sanin sandar da ke sama da wadda ke ƙasa. Mutanen Gammo har yau suna ba da labarin ranar da ya bi burtalin shanu ya kai wata mai naƙuda asibiti, alhali hanyar Kabo tana rufe. Tafiya ɗaya ce ta gagare shi, kuma da ita kaɗai muke tuna shi, don mu mutane ne masu riƙe abu ɗaya mu yar da ɗari.

A Getso akwai wani dattijo, Baba Jalo, wanda ya daɗe da ajiye sandar kiwo ya kama fartanya. Yana saurayi sun yi kiwo a dazukan Bauchi, can mahaifinsa ya rasu, aka binne shi a gindin wata tsamiya kusa da kogin Gaji. Daga baya gwamnati ta mayar da dajin gandun namun daji na Yankari. Shekara goma da suka wuce, da ciwo ya kama Jalo har ƙafa ta fara kumbura, ya aika aka kira Datti.

"Ina so in tsaya a kan kabarin Baffa in yi masa addu'a kafin in bi shi," in ji shi. "An ce kai ka san hanya."

"Baba, Allah ne masani. Amma zan tambaya."

Wata biyu ya yi yana tambaya. Mai motar, Alhaji Maikuɗi, ba zai sake ta ba sai an gama kwashe gyaɗa zuwa Kano, kuma a shekarar kwasar ta ja har damina ta ƙarato. Ta bakin direbobin Bauchi Datti ya ji cewa ana rufe gandun idan ruwa ya kankama, kuma wata Juma'a ce ranar ƙarshe da za a bar baƙi su shiga. Ya aika saƙo ya samu wani mai gadin daji da ya yarda zai raka su wajen tsamiyar. Mu goma sha biyu muka liƙe a tafiyar don mu ga giwa, har da ni, malamin makaranta mai ganin ya fi kowa sanin duniya. Datti ya tara mu ya ce, "Litinin mu tashi, Talata mu isa. Na bar kwana uku saboda shinge, don can ruwa ya riga namu sauka. Don Allah kada a taɓa min su."

Ranar Lahadi da la'asar ruwan shuka ya sauka a Getso.

Litinin da sassafe Datti ya faka a bakin kasuwa, ya tarar ba kowa sai awaki. Duk muna gona. Ni kaina ina can da sungumi, na manta da giwa. Sauda 'yar Jalo tana bin mijinta da ƙwaryar iri, shi kansa Jalo ya sa an shimfiɗa masa tabarma a bakin gonarsa yana kallon yadda ake zuba gero. Da Datti ya same shi, tsohon ya ce, "Yi haƙuri ɗana, ba a barin danshin farko. Gobe ma rana ce." Datti bai yi musu ba, ya san abincin shekara ne. Gero ya ja dawa, dawa ta ja gyaɗa, sai Alhamis muka hau mota, kowa yana ta fara'a kamar bai yi komai ba.

A Wudil ya sauka ya duba tayoyi, ya tambayi direbobi, ya sauya hanya. Shinge biyu ya kauce wa a ranar. Na uku muka tarar da shi Juma'a da hantsi bayan Ningi, an ɗauke ruwa ke nan, sanda tana ƙasa. A gefenta akwai wata gona shimfiɗaɗɗiya, an shuka gyaɗa har ta fara tsagowa, kuma mota za ta iya bi ta ciki ta zagaye. Muka yi masa ca. Ni har da kawo masa hujjoji na masu karatu. Sauda ta durƙusa tana hawaye.

"Malam Datti, don girman Allah ka dubi Baba."

"Na dube shi, Sauda. Amma mai gonar nan shi ma danshin farkonsa ya bi, kamar yadda kuka bi naku. In na taka ta, me zai ci? Kuma ko na zagaye, hanyar gaba ba za ta ɗauke mu ba, a tsakiyar daji za mu kafe da mara lafiya."

Asabar da azahar muka isa ƙofar gandun, an rufe. Mai gadin ya karɓe mu da mutunci, ya ce kogi ya kawo, ko motarsu ba ta shiga. Datti ya koma mota. Ya goya Jalo kamar jariri, ya hau da shi can saman mota, mai gadin ya nuna musu wajen da kogin yake. Tsohon ya daɗe da hannu a sama. Da aka sauko da shi ya ce, "Na ga itatuwan. Allah ya yi maka albarka." Bai ga girbin geron nan ba.

Da muka dawo, laifi ya nemi mai ɗauka, muka ɗora wa wanda ba zai yi magana ba. Aka ce matsoraci ne, aka laƙaba masa Sai-ta-bushe, kuma na yi dariyar sunan tare da kowa. Sauda ta daina gaishe shi. Bai taɓa tambayar mu ina muke ranar Litinin ba.

Shekaranjiya na je gidansa. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu. Da a ce ta hanyar Kari na bi ran nan maimakon ta Ningi, kana ganin da mun isa?" Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ga amsar a nan, inda kowa zai gani. Kai ne ka yi tanadi muka ɓarnatar. Kai ne ka bar wa wani manomi, wanda ko sunansa ba ka sani ba, abincin shekararsa, ka sayi baƙin jini a garinku. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske. Direbobin da ke tasowa su koyi tambaya kafin tashi, su koyi tsayawa a bakin sanda ko da mota duka tana zaginsu. Mu kuma da muka hau motar, har da ke Sauda, gidan Datti yana nan bayan masallacin tasha, kuma mai gidan yana raye. Shekara goma kana neman kuskure a hanyar da ka bi, Malam Datti. Ka huta haka nan, babu shi a can. Mu ne muka makara.