Wata Goma Sha Huɗu a Bakin Sito

Ƙanin mahaifiyata soja ne, amma bai taɓa harbin kowa ba, kuma ba ya jin kunyar faɗar haka. A shekararsa ta biyu a aiki ya faɗo daga bayan mota, gwiwarsa ta hagu ta goce. Da ya warke aka ce ba zai iya doguwar tafiya da kaya ba, sai aka tura shi sito. A can ya yi shekara ashirin da shida. Mu muna ce masa Kawu, mutanen unguwa kuwa Kofur suke kiransa, duk da an ƙara masa igiya kafin ya yi ritaya.

Sitonsa na abincin daji ne, wato abincin da ake ba soja idan ya fita inda babu mai dafa masa. Kowane katan yana da ƙunshi goma sha biyu, kowane ƙunshi kuma abincin mutum ɗaya ne na yini guda. A ciki akwai gwangwanin wake, da na kifi ko nama, da dafaffiyar shinkafa a leda mai kauri, da biskit mai taurin tsiya, sai madarar gari, sukari, ganyen shayi da ashana. Kawu yakan ce kwanan watan da aka buga a jikin katan, alkawari ne da aka yi wa ɗaki mai sanyi kaɗai. A inuwa abincin yakan kai shekara uku har ya ɗan wuce. A ƙarƙashin rufin kwano mai zafi kuwa, wata shida ma da ƙyar.

Abin da ya sa nake ba da labarinsa ya faru ne yana da shekara talatin da biyu. An kai rundunarsu wani sansani a fili fetal, nesa da gari, gefen wata hanyar ƙasa. Bayan wata huɗu, wata safiya umarni ya zo cewa su tashi. Motoci ba su isa ba. Aka loda mutane da makamai, aka bar katan ɗari uku da arba'in a sito. Hafsan da ke shugabantarsu ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Kofur, kwana goma. Mota za ta dawo ta kwashe ku da kayan."

Kawu ya ƙame ya ce, "To, Yallaɓai."

Aka bar shi da wani soja da suke kira Dogo, da rediyon magana guda ɗaya, da rijiyar burtsatse a bayan ɗakuna. Kwana goma suka wuce. A kwana na goma sha shida batirin rediyon ya mutu. A mako na huɗu zazzaɓi ya kwantar da Dogo har ya daina gane hannun da ke ba shi ruwa. Kawu ya tsaya a bakin hanya yini biyu kafin ya samu wata motar dabbobi, ya roƙi direban, suka kwantar da Dogo a gaba. Ya cusa masa takarda a aljihu ya ce, "Duk wanda ka fara gani da kaki, ka ba shi." Dogo ya ɗaga kai kawai. Daga baya aka gane cewa asibiti aka kai shi, aka cire masa rigar da takardar a aljihunta, daga can kuma aka tura shi wata runduna dabam.

Tun da sojoji suka tashi, motoci suka daina bin hanyar sai jefi-jefi. Sau biyu Kawu ya ba direbobi saƙo, babu abin da ya biyo baya.

Mahaifiyata ta sha tambayarsa, "Kai ba ka da ƙafa ne? Ko ɗaure ka aka yi?"

Amsarsa ba ta canzawa. "Yaya, makulli aka ba ni. Wa zan miƙa wa?"

Da zafi ya shigo, sai ya ga sitonsa zai zama tanda. Rufin kwano ne, da azahar idan ka ɗora hannu a katan na sama sai ka ji shi ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Akwai wani tsohon ɗaki mai kaurin bango da hafsoshi suka kwana a ciki. Kawu ya ɓalle katakon gadajen da aka bari, ya shimfiɗa a ƙasa a kan bulo don kada katan ya taɓa siminti. Ya kwashe kayan zuwa ɗakin ɗaya bayan ɗaya da gurguwar gwiwarsa, ya jera su nesa da bango, ya bar hanyar iska tsakanin layi da layi. Kwana tara ya yi yana wannan aiki. Sannan ya yanko ciyawa ya lulluɓe rufin. Da sassafe yakan buɗe tagogi, rana na ɗagawa ya rufe.

Ƙunshi ɗaya yake ci a rana, kamar yadda doka ta ce. Da safe shayi da biskit, wanda sai ya jiƙa shi kafin haƙori ya iya da shi. Da rana shinkafa da wake. Da yamma kifin. Ya ce a wata na uku bakinsa ya daina bambance kifi da nama. Yakan hura wuta ya ɗumama gwangwanin, ba don ya fi daɗi ba, sai don ya samu abin yi. Wani lokaci yakan karanta rubutun jikin leda da ƙarfi don ya ji muryar mutum.

A can ne ya san yadda kowane abu ke tsufa. Madara ce ke fara juyawa, ta dunƙule ta yi rawaya. Biskit yakan ɗauki warin tsohon mai, amma ba ya cutarwa. Sukari ba ruwansa da shekaru. Gwangwani kuwa, idan murfinsa ya kumbura, ko tsatsa ta ci bakin ɗinkinsa, ko leda ta cika da iska kamar matashin kai, to babu shawara, sai rami. Duk ranar Litinin yakan buɗe katan ashirin ya duba, ya mayar ya ɗaure.

Da damina wani makiyayi ya fara kawo awakinsa rijiyar. Dattijo ne, ba ya jin yaren Kawu, Kawu ba ya jin nasa. Sukan zauna tare a inuwar ɗaki. Kawu bai taɓa buɗe masa ƙunshi na musamman ba, don a ganinsa kayan ba nasa ba ne, amma yakan raba nasa rabon biyu. Dattijon ya ɗanɗana biskit sau ɗaya, ya dube shi, ya ƙwanƙwasa shi a kan dutse, ya miƙa wa akuya. Akuyar ta shinshina ta juya. Kawu ya ce rabonsa da dariya irin ta ranar tun kafin motoci su tafi. Wata biyu suka yi haka. Da ciyawa ta bushe, wata safiya ya jira bai ga awaki ba, kuma ba su sake zuwa ba.

Bayan tafiyar makiyayin ne ya yi kuskure. Ya fara ware gwangwanayen da suka lotsa ko ya yi shakkarsu, yana cin su da kansa don a bar wa sojoji masu kyau. Wata rana ya buɗe na nama, ya ji ya ɗan yi tsaki da iska ta fita. Ya san ma'anar wannan sarai. Amma ya shinshina bai ji wari ba, ya ce ai wuta za ta gyara. Kwana uku ya yi a kwance kusa da rijiya, amai da gudawa, ba ya iya komawa ɗaki. Da rarrafe yake jiƙa sukari da gishiri a ruwa yana kurɓa. Ya ce ba mutuwar ce ta tsorata shi ba, tunanin da ya dame shi shi ne sai yaushe wani zai zo ya gani. Daga ranar bai sake jayayya da gwangwani ba.

A wata na goma sha huɗu motoci biyu suka tsaya a sansanin. Ba don shi suka zo ba, kwanon rufi aka aiko su ɓalle. Wani matashin hafsa ya sauko, ya ga mutum da gemu da kakin da ya koɗe ya ƙame yana sara masa.

Hafsan ya ce, "Kai kuma wane ne?"

"Mai sito ne, Yallaɓai. An ce in jira mota."

"Wane sito? A takarda an kwashe komai daga nan tun bara."

Kawu ya ciro makulli daga wuyansa ya buɗe ɗakin. Hafsan ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare wa katan ɗin kallo. Sannan ya shiga yana duba kwanan wata. Yawancin katan ɗin sun wuce lokacinsu da wata biyu ko uku. Ya ce doka ta ce a ƙona.

Kawu ya ce, "Yallaɓai, lafiyarsu ƙalau. Ba su ga rana ba ko sau ɗaya." Ya yage wani ƙunshi a gabansu ya hau ci, yana miƙa wa sojojin. Biyu suka karɓa, suka ce babu abin da ya same shi.

Hafsan ya ce, "Na yarda da kai, Kofur. Amma idan mutum ɗaya ya yi ciwon ciki, ni za a tambaya, ba kai ba."

Katan sittin da lokacinsu bai cika ba aka loda. Sauran aka fitar fili. Kawu ya ce a bar shi ya jera su da kansa, ya jera, ya bar hanyar iska a tsakani don wuta ta ci sosai. Gwangwanaye suna ta fashewa har motocin suka yi nisa.

Da ya iso gida ya tarar kakarmu, mahaifiyarsa, ta rasu wata biyar da suka wuce. Matarsa, wadda ya bari da ciki, ta gaji da zuwa ƙofar bariki ana ce mata yana bakin aiki. Da ya yi sallama ta fito da yaro a hannu, yaron ya ga baƙo ya tsala ihu. An kira Kawu ofis, aka yi masa tambayoyi yini guda, aka ba shi hutun mako uku. Ba wanda ya hukunta shi, ba kuma wanda ya ba shi haƙuri. Hutu na ƙarewa ya koma wani sito.

Mahaifiyata ta ce ƙaninta mai surutu ne ya tafi, wani ne ya dawo. Ba ya faɗa, ba ya fushi, amma ba ya iya cin abinci cikin mutane. Ko baƙi aka yi, sai ya ɗauki kwanonsa ya zaga bayan ɗaki. Matarsa ta yi ta fama har ta saba, takan ajiye masa kujera a can. Ta rasu shekara biyu bayan ya yi ritaya. Ɗansu yana aiki a wata ƙasa, yana kira a ƙarshen mako, hirarsu ba ta wuce minti uku.

Yanzu Kawu ya haura saba'in. Yana zaune shi kaɗai a ɗaki biyu a ƙarshen layinmu na da. Wani mai kantin kayan masarufi ya ɗauke shi yana jera masa kaya kwana uku a mako, kuma ya gaya mini tun da Kofur ya zo bai sake zubar da ko gwangwanin madara ɗaya ba.

A watan jiya ɗan nasa ya turo takardu don ya koma wurinsa da zama. Ni na kai masa, na karanta masa, don idonsa ya yi rauni. Ya saurara har ƙarshe. Ya tambaye ni ko gidan bene ne, na ce hawa na huɗu. Ya shafa gwiwarsa ya ce in gaya masa ya gode, zai yi tunani. Sannan ya tambaye ni lafiyar maigidana da yara, kowa da sunansa, ya ce in tashi in tafi kada hadari ya tare ni a hanya.