Saura Kwana Uku

Ni mutum ne mai yawan komawa duba abu. Sai in kulle shago, in kai bakin titi, zuciyata ta ce ban kashe garwashin dutsen guga ba, in dawo in buɗe in duba. Wanki da guga nake yi a Nyanya, ban taɓa ƙona rigar kowa ba. Amma ranar da na sauke tukunyar tafasasshen sitaci a ƙasa na juya ɗauko bokiti, 'yata ta shigo da gudu ta yi karo da ita. Shekararta huɗu a lokacin. Ruwan ya saɓule mata fata daga cinya har idon sawu.

Kwananmu shida a asibiti wani mutum ya same ni a baranda. Rigarsa fara sol, ta sha guga, ga kati rataye a wuyansa. Waɗanda ke biye da shi Oga suke ce masa. Ya ce ƙungiyarsu tana nema wa marasa lafiya taimako, hoto kawai za su ɗauka su nuna wa jama'a. Ya miƙo mini takarda da Turanci. Firamare na yi, ina iya karantawa a hankali, amma rubutun ƙanana ne, shi kuma yana tsaye a kaina yana duba agogo.

"Malam, sa hannu mana. Wasu yaran na jiranmu. Ko ba ka son ta tashi?"

Na sa hannu. Suka yaye zanen da aka lulluɓe ciwon da shi, ta fasa kuka. Na miƙa hannu zan rarrashe ta, Oga ya ce in bar ta, haka ya fi fitowa.

Ba zan ɓoye alherinsa ba. Sau biyu ya kawo kuɗi a ambulan, kuma da su muka sayi magani. Daga nan ya ɗauke ƙafa. Allah ya ba yarinya lafiya, tabo ne kawai ya rage, har ta shiga makaranta.

Duk Litinin da safe nakan hau bas in kai wa masu kaya kayansu cikin gari. Wanda ya san hanyar Nyanya ya san gosulon safiya, sai mota ta yi rabin awa a wuri ɗaya. A nan masu neman taimako suke aikinsu. Mutum biyu su riƙe ƙyalle mai hoto, ɗaya da lasifika, ɗaya da bokiti. Ba kowa suke roƙo ba, mutum ɗaya suke zaɓa. Mai lasifika ya ambaci launin rigarka, mai bokiti ya zuro shi ta taga har ƙirjinka ya ƙi janyewa, duk mota tana kallonka. Ni kullum bayarwa nake yi. In suka ce Allah kada ya jarrabi wanda ya kawar da kai, ba addu'a nake ji ba, gargaɗi nake ji.

Wata Litinin, kusan shekara bayan an sallame mu, na ɗaga kai na ga fuskar 'yata a jikin ƙyalle, bakinta buɗe tana kuka, ƙafar ja wur. Har gefen hannuna ya fito a hoton. Mai lasifika yana ta shela.

"Saura kwana uku! Likita ya ce saura kwana uku, in ba a yi aiki ba za a rasa ta! Mama mai koren ɗankwali, ke nake kallo. Ba ki da jikoki?"

Tsohuwar tana kusa da ni, da kwandon gauta a cinyarta. Ta kwance bakin zane ta juye abin da ke ciki a bokitin, ta ce Yesu ya taɓa yarinyar nan. Da kwandasta ya zo karɓar kuɗin mota ba ta da shi, ya sauke ta a hanya, ta ɗora kwandon a ka. Sai da muka yi nisa na tuna cewa da na biya mata.

Da na gaya wa matata, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Malam, kullum safiya ake shelar mutuwar 'yata a kan titi? Baki nawa ke maimaitawa? Ba ka tsoron wata rana a dace?"

A makon nan zazzaɓi ya kama yarinyar. Na san na sauro ne, amma na kasa cin abinci sai da kwana na uku ya wuce tana numfashi.

Na bi sawun masu ƙyallen har na sami Oga a inuwar gadar masu tafiya a ƙasa, yana zaune yana kallon mutanensa daga nesa. Na gaishe shi da ladabi, na ce yarinya ta warke, a ba ni ƙyallen.

"Masha Allah! Ka ga amfaninmu ke nan. Yanzu hotonta yana taimakon wasu. Akwai yara masu ciwon ciki, ciwonsu ba ya fitowa a hoto. Ka fi so su mutu?"

"Amma Oga, ƙarya ce ake yi da ita."

"Ba ka sa hannu ba? Ba ka karɓi ambulan ba?" Ya yi murmushi, ya kakkaɓe mini kafaɗa. "Har yanzu shagonka yana bayan tasha, ko? Ka gaida yarinya."

Ban taɓa gaya masa inda shagona yake ba.

Sati biyu ina juya maganar. In na yi shiru, ina da kamasho a duk abin da aka zuba a bokitin nan. In na yi magana, ga shago, ga hanyar makaranta. Litinin ta uku na bar kayan mutane a gida, na sa wa yarinya rigar salla, muka hau bas. Da bokitin ya shigo ta taga, na miƙe, na ɗaga yarinyar sama, na janye rigar daga kan tabon.

"Jama'a, ga ta nan! 'Yata ce. Ta warke tun bara!"

Motar ta kaure. Ana ta ɓarayi, ɓarayi. Masu ƙyallen ko gudu ba su yi ba. Suka naɗe shi a nitse suka bi ta tsakanin motoci, mai lasifika ya waiwayo ya daɗe yana kallona.

Wani mai kwat a gaba ya ce, "Shi ya sa ni ko sisi ba na bayarwa. Dukkansu ɗaya ne."

Kwandasta ya ce, "Kai ma Malam, raba daidai aka ƙi yi da kai, ko?" Aka kwashe da dariya.

Ban sake ganin ƙyallen a Nyanya ba. Amma bayan 'yan makonni wata mata ta tsaya a tagar motarmu, da goyo a baya da takardar asibiti a hannu, ba lasifika ba bokiti. Kan yaron yana lilo. Ba wanda ya motsa. Kwandastan nan ne dai, ya nuna ni ya ce ta tambayi Malam, shi ne mai gane na gaskiya. Ban gane komai ba. Na ba ta abin da ke aljihuna, ni kaɗai a duk motar.

Kwanan baya wani direba da nake yi wa guga ya ce ya ga mai kama da 'yata a hanyar Kuje, a jikin ƙyalle. Na tambaye shi me suke cewa. Ya ce wai saura kwana uku.

Yanzu ni nake raka ta makaranta da kaina. Sai in ga ta shige, in kai bakin titi, in dawo in leƙa ta taga.