Yatsan Mutumin Ƙarfe

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe shekarar da mutumin ƙarfe ya sauka ƙauyenmu ba, can kusa da Cadawa. Shekarar ce aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, ina aure a gidan maƙera da goyona na fari.

Ni ce na fara ganinsa, kuma da rana tsaka. Mu uku mun nufi rijiya, sai ga abu tsaye a kan tudu, ya fi kowane namiji tsawo, ƙafafu a buɗe, hannuwa a shimfiɗe, jikinsa na walƙiya har ido ba ya iya kallo. Iska ta kaɗa, ya juyo da kai ya yi wani irin nishi. Tuluna biyu suka fashe nan take, na ukun nawa ne, shi ma ban san inda na yar da shi ba.

Rijiya ta gagara zuwa, muka koma ɗibar ruwa a wani ƙauye mai nisa. Maza suka taru ƙofar mai gari. Liman ya ce shi dai mutum da aljan ya sani a karatunsa. 'Yan bori suka ce babu wannan a cikin iskokinsu. Maharba suka ce kibiya ba ta cin ƙarfe. Sai mai gari ya waiga ya ce, "To ai magana ta ƙare. Ƙarhe na maƙera ne."

Mai gidana kuwa kowace shekara a wasan maƙera yakan lashi jan ƙarfe ya yi kirari cewa duk ƙarfen duniya bawansa ne. Abin da mutane ba su sani ba, wannan gwarzon in ya ga tsaka a ɗaki ni yake kira. Ya shigo gida gumi na zuba, ya ɗauki guduma da awartaki ya ce, "Ke, taho mu tahi. In na hwaɗi a samu mai shaida." Na goya yaro na bi shi, ina jin tsoro, ina kuma jin haushin bakin da ya jawo mana.

Da muka kai gindin tudu ya tsaya yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ya matsa, ya ƙura ido, sai na ji ya kece da dariya. "Ke, zo ki ga ƙusa! Wanga ai ƙera shi anka yi, kuma maƙerin gwani ne." Sanduna ne na ƙarfe da fallayen kwano, da wani faifai a sama mai juyawa in iska ta taɓa. Na ce to mu koma mu gaya wa mutane. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "Ki gaya musu mi? Ƙarhe mai kyau haka, Allah ya kawo har gida?"

Ya hau dukan abin da guduma yana kirari da ƙarfi. Daga gari ana jin ƙara, aka ce ana can ana gwabzawa. Da la'asar ya shigo da gawar a kan jaki, mata na guɗa. Cikin 'yan kwanaki mutumin ƙarfe ya zama hauya da lauje da wuƙa, kuma babu gidan da bai karɓi rabonsa ba, har gidan liman, don an ce hauyar ba ta shiga gona ta fito da kunya.

Ana haka sai ga jandarma, ɗan sandan gwamnati, daga garin Agiye. Ashe masu awon hanya ne suka kafa abin don alama ranar da gari ya watse zuwa kasuwa, kuma kayan gwamnati ne. Ya ce wanda ya taɓa shi gidan kaso zai kwana, ba kuma kwana ɗaya ba. Na dubi yarona, na dubi mai gidana da ya zama kamar kazar da ruwa ya doka.

Jandarma ya ce a kawo wadda ta fara gani. Na durƙusa, gari duka ya zuba mini ido, kowa da guntun ƙarfen gwamnati rataye a ɗakinsa. Na ce, "Ranka shi daɗe, mu dai mutum munka gani. Ya juyo ya dube ni, ya yi nishi. Da mai gidana ya yi mashi magana irin tasu, sai ya kama hanya ya yi arewa." Mai gari ya ce haka aka yi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai ce a'a ba. Wani tsoho ma ya rantse ya ga sawunsa.

Jandarma ya dubi tudun nan ya kau da kai da sauri. Da zai tafi ya ja mai gidana gefe ya rage murya: "Maƙeri, bai bar komi ba? Aikinmu akwai bindiga a ciki." Mai gidana ya shiga maƙera ya fito da ƙusa guda ya ce, "Yatsanshi ɗaya ya karye wajen gaisuwa." Bawan Allah ya karɓa da hannu biyu ya ɗaure a damtse kamar laya.

Yau jikokina ke ba ni labarin, wai idanunsa wuta ne, wai kakansu ya yi kwana bakwai yana kokawa da shi. Na taɓa gaya musu gaskiya, suka ce Kaka ta fara rikicewa. Daga nan na kama bakina, don na gane ƙaryar da kowa ya ci rabonsa a cikinta ta fi gaskiya tsawon rai, ko da wadda ta ƙera ta ce ta zo rushe ta.