Hajiya Furera da Hotunan Bijimina

Ƙarfe bakwai da rabi Hajiya Furera ke buɗe ɗakin kwamfuta na kwalejin da 'yata Muhsina ke karatu. Sai ta kunna na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ta bubbuga wadda ta yi gardama, ta zauna bakin ƙofa tana jiran masu kuka. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ba lakcara ba ce, ba a kiran sunanta ranar yaye ɗalibai. Amma Lami, ƙawar Muhsina, ta rantse mini cewa rabin ajinsu a teburin Hajiya suka gane abin da aka yi shekara biyu ana koya musu.

Ni turkar shanu nake yi a Ƙofar Marusa. Aikin kammala karatun Muhsina manhajar waya ce ta tallan dabbobi, kuma da shanuna ta yi gwaji. Da wayata aka ɗauki hotunan, suna cikin rumbun ajiyata na intanet. Ranar Alhamis za ta nuna wa malamai, in abin bai yi ba sai baɗi. Litinin ta buɗe manhaja, sunaye suka fito, wurin hoto kuwa farin akwati. Tun kafin ita ta daina cin abinci, ni na daina.

Da ta kai wa Hajiya, duba ɗaya ta yi. "Linkin rabawa kika sa," in ji ta. "Wannan zaure yake kai mutum, ya yi sallama, ya latsa, sannan a nuna mashi hoto. Manhaja ba ta iya sallama ba. Ba ta linkin da ke miƙo hoton kansa." Ta nuna mata yadda ake ciro lambar hoton daga tsohon linki a gina sabo, ta sa ta yi sauran da hannunta. Shanu suka bayyana.

Talata da safe suka ɓace. Muhsina ta tarar an kulle rumbun, ta buɗe. Laraba suka sake ɓacewa. Hajiya ta duba lokacin da ake kullewar, ta ce, "Je ki zo mini da babanki."

To, ni ne mai kullewar. A majalisa na nuna wa Garba mahauci wayata, ya karanto mini inda aka rubuta duk mai linki zai iya gani. "Duk duniya ke nan," ya ce, "har masu mugun baki." A ranar bijimina ya ƙi dusa. Garban ne ya koya mini inda ake kullewa.

Muka gaisa da Hajiya har kan shanu, sannan ta ce, "Malam Hamman, wa ke kulle hotunan nan?"

"Wataƙila sabis ne, Hajiya."

"Sabis ɗin da ke tashi sallar Asuba?"

Na sunkuyar da kai. "Bijimin nan ƙiba gare shi, Hajiya. Mutum dubu su zuba mashi ido, ba mai cewa Ma sha Allah..."

"Baba!" in ji Muhsina, hawaye na zuba.

Hajiya ba ta yi dariya a gabana ba. Ta ce, "Da gaskiyarka. Muhsina, ƙarƙashin kowane hoto rubuta Ma sha Allah da manyan baƙaƙe. Duk wanda ya kalla ya karanta, yana so ko ba ya so." Ta miƙo mini hannu. "Wayarka kuma a jakata za ta kwana, har gobe Azahar."

Alhamis shanu goma sha ɗaya suka fito ras a gaban malamai. Muhsina ta ci. An ce babban malamin har ya karanta rubutun a fili, sau goma sha ɗaya.

Hajiya Furera, ke ce kika gyara linki kika gyara mai linkin. Ke ce kika kama ni dumu-dumu a gaban 'yata, kika bar ni na fita da hulata a kai. Uwar masu farin akwati, na gode, Allah ya sa ki huta lafiya, ya jiƙan mahaifa.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, ku yi koyi. In uba ya zo muku da tsoronsa, kada ku kore shi. Ku sama wa tsoron wurin zama a cikin aikin, amma wayar, ku karɓe.