Teburin Kifin da Kawu Ya Haɗa

Jiya na iske autata tana barci a ƙarƙashin babban akwatin gilashin da nake kiwon kifin ado a ciki, ruwa fal a saman kanta. Ko gezau ban yi ba, domin marigayi Kawu, kafinta a Makarfi, shi ya haɗa teburin da ke ɗauke da shi.

Ranar da ya zo Ikara yin aikin, dariya ya fara yi mini. "Ɗan nan, kifin da ba a miya da shi kake yi wa gado?"

Duk da haka ya zaɓo maɗaci mai kauri, ya yini yana yanka, garin katako har cikin gemunsa. Da ya gama, sai ya yi abin da ya saba: ya tuɓe takalmi, ya haye kai da tsufansa, yana girgizawa.

Na ce, "Kawu, a sauko don Allah!"

Ya ce, "Gara ya karye da ni da ya karye a kan 'ya'yanka."

Duk baƙon da ya yaba kifin, teburin nake nuna masa. Allah Ka sauke wa Kawu nauyi, yadda aikinsa ke ɗauke mana namu.